Kaka da Lissafinta

Kakarmu ta rasu ba wanda ya san shekarunta, har ita kanta. In ka tambaya, sai ta harare ka ta ce ko gwamnati ce ta aiko ka ƙidaya. Da sarakunan Daura take lissafi: an kai ta ɗakin miji a zamanin Sarki Abdurrahman, ta ga naɗin Muhammadu Bashar a 1966, ta kuma ga na Umar Faruk Umar a 2007.

Sau uku aka sauya mata jiha tana zaune a ɗaki ɗaya: Arewa ta Tsakiya a 1967, Kaduna a 1976, Katsina a 1987, kuma ba wanda ya nemi shawararta. Naira kuwa, tun zuwanta a 1973 ba su taɓa shiri ba. Da sule da fam take yi wa mai goro ciniki, shi ya ji da sauran. Haƙora sun yi ritaya, magogi ya karɓi aiki.

Mu jikoki maza duk mazajenta ne, kuma a cewarta ba mai kai cefane a cikinmu. Har ta koma ga Mahaliccinta tana bina kuɗin zane. Allah Ya jiƙanta.