Ayarin Mashina Zuwa Dutse: Kowa da Halinsa

Ƙasar Gumel a shimfiɗe take. Daga Ɗanzomo zuwa Sule Tankarkar, ko ka miƙe har Maigatari bakin iyakar Nijar, babu abin da ke sa mashin nishi sai rairayi. Samarinmu sun ƙware a yashi, sun san yadda ake sakin hannu a bar ƙafar gaba ta nemi hanyarta, amma hawa da gangara baƙi ne a wurinsu. Shi ya sa idan aka ce ranar Asabar za a yi ayari a tafi Dutse ganin duwatsu, a kwana, a dawo Lahadi, maganar takan cika teburin mai shayi tun daga Talata.

Na farkon da zai ba ka dariya shi ne jagora. Ba wanda ya naɗa shi. Ya taɓa zuwa Dutse sau ɗaya a bayan motar 'yan siyasa, yana gyangyaɗi, amma tun ranar yake magana kamar da shi aka yi shawarar mayar da garin babban birnin Jigawa a 1991. Hanya a miƙe take: Gumel, Gagarawa, Gujungu, Jahun, Kiyawa. Shi kuwa dole ya san wata "yanke". Yanken nan kan ƙare a gonar riɗin wani dattijo, wanda zai jingina da fartanya ya ce, "Samari, ina zuwa haka?" Jagora ba ya amsa irin wannan tambaya, sai ya duƙa yana duba taya.

Akwai mai tsumin mai, kuma shi ne gwanina. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 bai ƙara cika tanki ba. Kwalba guda yake saya a wurin ɗan bumburutu, ya tsaya a kansa har ɗigon ƙarshe, ya ce a girgiza mazurari. A hanya yakan laɓe a bayan tirela wai iska ba ta ja masa mai. Duk burinsa a wannan tafiya gangara ce, don ya ji labarin cewa a can ana kashe inji mashin ya yi ta tafiya kyauta. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kafin a gangara sai an hau. A hawan farko na hanyar Garu, tsohon garin da ke tsakanin duwatsu, za ka gan shi ya sauka yana turawa, gumi ya jiƙa rigar, yana cewa, "Ku je kawai, motsa jiki nake yi."

Mai ganganci ba sai an nuna maka shi ba, kunnenka zai gaya maka. Ya huda salansa, ya cire madubi, hular kwano kuwa ya ce ta masu tsoron mutuwa ce. Yakan wuce ayari a guje, ya tsaya can gaba yana jira, a iso shi, ya sake wucewa. A ƙarshe gudunsa ya ninka na kowa, kuma tare aka isa.

Sai mai tsohuwar Jincheng, gadon wansa, wadda ya ce ko sabuwar Boxer aka ba shi ba zai musanya ba. Ana ɗaure ta da waya da roba da addu'a. Albarkacinta ayari ya san duk mai facin da ke tsakanin Gagarawa da Jahun, har da na ƙauyen da ba a yi niyyar shiga ba. Idan ta mutu, ya zare fulogi ya hura, ya goga a wando, ya mayar, ya ce, "Ba ta taɓa yi mini haka ba." Kowa ya kawar da kai. Ba a son ƙaryata mutum yana cikin jarrabawa.

Ɗan goyo bai da mashin, bai ba da kuɗin mai ba, amma daga baya yake tuƙin: "Rage wuta. Ga rami. Ai da ka bi ta hagu." Da an tsaya cin abinci shi ke fara wanke hannu.

Mai hoto kuma bai ga Dutse da idonsa ba, wayarsa ce ta gani. Zai hau kan dutse ya juya wa garin baya, ya sa a ɗauke shi, ya duba, ya ce hularsa ta karkace, a sake. Kafin la'asar caji ya ƙare, ya koma bin mutane yana roƙon aron waya don TikTok na jiransa.

Ustazun ayari yana da amfani, gaskiya, don shi ke karanta addu'ar tafiya kuma shi ke tuna wa mutane azahar. Matsalar ita ce muhawarar kasaru: an yi nisan da za a rage salla ko ba a yi ba? Kafin a daidaita an ɓata lokacin da ya isa a yi raka'a huɗun sau uku.

Wanda ya fi kowa wayo shi ne ɗan kasuwa. Yawon buɗe ido bai dame shi ba, ya dai lura cewa dawowar Lahadi ta dace da cin kasuwar Gujungu. Ya tafi da buhun zoɓo a bayan mashin, ya sayi dabino a Dutse, a Gujungu kuma ya ce a jira shi minti biyar. Bayan awa biyu sai ga shi da akuya biyu da tabarma, yana lissafin abin da za su yi a Maigatari ranar Alhamis. Mashin ɗinsa ya cika, don haka sai ya dubi ɗan goyo ya ce, "Ɗan'uwa, kai da hannunka ba komai, riƙe mini wannan." Haka ɗan goyo ya yi sauran tafiyar rungume da akuya, tana kuka a kunnen direba, kuma har Ɗanzomo ba a ƙara jin ya ce a bi ta hagu ba.