Ka fara ɗaure zakarana

Abu Dabi, 9 ga Nuwamba, 2013

Taubashi,

 Ka fara ɗaure jan zakaran nan da ka yi mini alkawari, don yaranmu sun ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17.

Kai ne fa ka ce cin da muka yi wa Meziko 6 da 1 a Al Ain sa'a ce kawai, wai su ne masu riƙe da kofi tun 2011, in aka sake haɗuwa sai sun rama. To, an sake haɗuwa jiya Juma'a a filin Muhammad bin Zayed, ina zaune a ciki. Uku da nema! Ta farko ma ɗan bayansu ne ya zura a ragarsu da kansa, don ruɗewa. Kelechi Iheanacho, wanda shi kaɗai ya ɗura musu huɗu a Al Ain, ya ƙara ta biyu bayan hutun rabin lokaci.

Amma ta ukun ce ta shiga raina. An ba mu bugun tazara, kyaftin Musa Muhammed, ɗan Kanonmu, ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya laƙaƙa ta cikin raga, gola na ta lalube. Masu ganga da kakaki suka ɓarke. Wani Balarabe da ke kusa da ni ya miƙe yana tafi har rawaninsa ya zame. Abokan aikina 'yan Pakistan, waɗanda kurket kaɗai suka sani, su ma suka kama ihun "Najeriya! Najeriya!" Wallahi sai da na yi ƙwalla. A nan kullum fasfo ɗinka ake fara kallo kafin fuskarka, amma jiya kowa so yake ya gaisa da mai kore da fari.

Kofi na huɗu ke nan, bayan na 1985 da 1993 da 2007, mun wuce Burazil mai uku. Allah ya saka wa koci Manu Garba, ya kuma sa a riƙe yaran nan da amana, kada a watsar da su da zarar an gama liyafa.

Na ji kana gaya wa mutanen majalisa wai da an gayyace ka da ka buga lamba tara. Ka rufa wa kanka asiri. Yanzu na'ura ake sa wa a wuyan hannu ta duba ƙashi ta faɗi shekaru. Kai kuwa ko ba a kunna ta ba, furfurar gemunka ta ba da shaida.

Akwai riga mai lamba biyu da na saya wa babban ɗanka, tana cikin kayan wani da zai taho ƙarshen wata. Tasa ce, ban yarda ka gwada ba, tumbinka zai yaga ta. Ka gaida Inna, ka ce kuɗin gyaran rufi na tafe.

Naka,
Ubangidanka na Abu Dabi