Zuwa ga bawana Bakano, mai tsohuwar kwamfuta

Bawana, ina gaisuwa irin ta ubangida. Labari ya iso mu Zazzau cewa kwamfutar nan taka ta cinya, wadda ka saya ta hannu tun ana yayin Windows Vista, har yau ba ka sallame ta ba. 'Yan gwangwan sun yi tayi, ka ce albarka. Ban ga laifinka ba, Bakano da kuɗinsa sai dai mutuwa ta raba. Da ka ji Windows 11 na neman RAM mai giga 4 da wani guntu mai suna TPM 2.0, Windows 10 kuma an daina yi mata gyara tun 14 ga Oktoban 2025, sai ka koma Linux. Ba don ka san Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara ta a 1991 ba. Kalmar "kyauta" ka ji, kunnenka ya motsa.

Har nan da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne fatawar da ka ba kanka, wai tsohuwar na'ura sai tsohon kanel. Ka tono Ubuntu 10.04 ta shekarar 2010, mai kanel 2.6.32, ka ɗora, kana ta yi wa maƙwabtan shagonka burga a Kantin Kwari.

To saurara, ɗan talakana, tunda karatu gidanmu yake. Kanel shi ne ke tsakanin ƙarfen na'ura da manhajoji: shi ke raba RAM, shi ke magana da faifai da kibod da wayafai. Ba shi ke cinye maka giga biyun RAM ɗinka ba. Burauzar da ka buɗe wa shafi goma sha, kana duba farashin shadda, ita ce ɓarauniyar, sai kuma kwalliyar fuskar allo. Shi kuwa 2.6.32 an daina kula da shi tun 2016. A Oktoban shekarar aka bankaɗo ɓarakar da ake kira Dirty COW, wadda ta kwanta a cikin kanel tun 2007, tana ba ƙaramin mai amfani damar zama mai gida. Kai da ke ƙulle shago da kwaɗo uku, ka bar lissafin bashinka a ɗaki marar ƙyaure. Ga ɗan wayafai na USB da ka sayo, ka soka, shiru. Ina tsohon kanel zai san abin da aka ƙera bayansa?

Kafin komai, buɗe tamina ka rubuta lscpu. Kyauta ne, kada gabanka ya faɗi. In Core 2 Duo ce, mai bit 64 ce, sai ka ɗauki Debian 13 da kanel 6.12, ka sa mata fuska marar nauyi irin Xfce ko LXQt. In kuwa Core Duo ce zalla, ko Atom N270, ko Pentium M, to bit 32 ce, kuma Debian 13 ta daina fitar musu da kanel. Wurinka Debian 12 mai kanel 6.1, ko antiX. Wasu Pentium M ɗin ma sukan ɓoye cewa suna da PAE, sai an rubuta musu forcepae wajen tashi.

Wuri ɗaya ne rowarka ke da hujja: katin hoto. Tsohon direban Nvidia, irin 340, ba ya shiri da sabbin kanel sai da faci. Ko a nan ba a komawa 2010. Direban Nouveau na nan, ya ishi mai duba rasit.

Ka nemi kanel mai dogon zango, wato LTS, wanda har yanzu ake toshe masa ɓaraka, kuma na'urarka ta tashi da shi. Gwada shi a filashi tukuna: sauti, wayafai, allo. In duk sun amsa, ka zauna a kansa, ka bar tsalle.

Sauran magana ɗaya, na san za ta sa ka zazzaɓi: cire tsohon faifan nan mai ƙugi, ka sa SSD. E, da kuɗi ake saye. Ka kwance bakin aljihu, Bakano, ko ka aiko kwamfutar Zariya mu ba yara su koyi buga rubutu.