Zuwa ga taubashina mai cajin salula a Belbeji

Bawana ɗan goggo, na ga shagon naka. Tun daga Tanut na biyo hanya, ƙura har cikin kunne, don an ce mini ka zama babban mutum: fano uku a kan rufi, batir biyu, salula tamkar kasuwar Damagaram. Da na leƙa bayan teburinka sai na ɗauka gizo-gizo ne ya yi aure ya tare a can. Jar waya ta hau baƙa, baƙar ta shige ƙarƙashin buta, wata ta bi ta bakin ƙofa inda akuyar maƙwabci ke gwada haƙoranta.

Abin da ya fi ba ni kunya, kai ɗan Damargu ne. Ƙasar da ake misali da geronta! Tsohonka in ya ɗaure dami, kawunan zangarniya duk gefe guda suke kallo, raƙumi ya kai shi Agadas bai zube ba. Mai jan ruwa a rijiyoyinmu masu zurfi ma ba ya barin igiyar guga a watse, naɗe ta yake. Kai kuwa waya kamu huɗu ta gagare ka. Tun 2011 Belbeji ta fita daga ƙarƙashin Tanut ta tsaya da ƙafarta, amma wayoyinka har yau ba su san wa ke mulkinsu ba.

Saurara in koya maka, tunda uban gida ba ya rowa. Wayar da ta sauko daga fano, zura ta cikin tiyon roba, don ranar watan Afrilu toya fatarta take har ta tsattsage. Ta batir ta zama mai kauri, gajeriya. Siririya zafi take ɗauka. Ja da baƙa su tafi tare, ka ɗaure su taki-taki, ko da tsinken robar tayar babur ne, ka manna su jikin bango inda ɓera zai sha wahala. Kada ka shaƙe su kamar ragon layya, bar musu wurin shan iska. Inda ka haɗa waya biyu kuma, murɗawa da leda ba haɗi ba ne. Haɗin da ya yi sako-sako shi ke fara ɗumi, daga ɗumi sai ƙauri, daga ƙauri sai ka ga mutane da bokiti.

Na san abin da za ka ce: ai yana aiki. Ranar nan minti nawa ka yi kana bin waya ɗaya da yatsa, mai salula na tsaye, daga ƙarshe ka cire ta rediyonka?

Watan cika-ciki na tafe. Kuɗin sharar bana kada ka sa rai da ko dala. Na riga na saya maka tiyo da salatif, suna hannun direban da ke zuwa ranar kasuwa. Kuɗin mota kai za ka biya.