Ƙarin Garanti da Ire-iren Masu Sayensa

A Amurka cinikin sabuwar mota ba ya ƙarewa a inda aka yi musafaha a kan farashi. Kafin a miƙa wa mutum makulli sai an bi da shi ta wani ɗan ofishi can ciki, na jami'in bashi da inshora, a nan ne ake yi masa tallan ƙarin garanti, wato takardar alkawarin biyan kuɗin gyara bayan garantin kamfanin da ya ƙera motar ya ƙare. Na kamfanin yana cikin kuɗin motar tun farko. Toyota tana ɗaukar nauyin kusan dukkan sassan motar na shekara 3 ko mil 36,000, injin da giya kuma shekara 5 ko mil 60,000. Hyundai da Kia sun kai injin da giya shekara 10 ko mil 100,000 ga wanda ya fara saye. Ƙarin kuwa haja ce mai riba, kuma ɗan kasuwa ba ya nacin tallan abin da zai faɗi a kansa. A 2013 mujallar Consumer Reports ta tambayi masu karanta ta, ta samu kashi 55 cikin ɗari na waɗanda suka sayi takardar ba su taɓa amfani da ita ba, bayan sun biya kimanin dala 1,200, waɗanda suka yi amfani da ita ma galibinsu abin da suka biya ya fi abin da aka biya musu. Tun da lissafi ya nuna haka kuma kasuwar ba ta mutu ba, sai a duba masu sa hannu, don a wurinsu bayanin yake.

Na farko shi ne matsoraci. Motarsa tana cikin leda, ko kilomita goma ba ta yi ba, amma a zuciyarsa ta riga ta mace a tsakiyar babban titi, da dare, ana ruwa, da iyali a ciki. Jami'in ofishin ya san shi tun daga yadda ya zauna, shi ya sa ba ya yi masa maganar ingancin motar da aka gama yabawa a waje ɗazu. Sai ya lissafa masa kwamfutocin da ke cikinta, da kyamarori, da allon taɓawa, ya faɗi kuɗin kowanne yana girgiza kai. Abin da matsoraci bai tsaya ya lura da shi ba shi ne yadda injuna suke lalacewa. Aibin da aka fito da shi daga masana'anta yakan bayyana da wuri, lokacin da garantin kamfani yake aiki. Lalacewar tsufa tana zuwa can gaba, sau da yawa bayan ƙarin ma ya ƙare. Shekarun tsakiya su ne mafi lafiya a rayuwar mota, kuma su ake sayar masa da kariyarsu. Duk wanda ya ga Corolla da Camry 'yan Kwatano suna jigila a Kano da Maraɗi, shekaru bayan kowane irin garanti ya bar su, ya san mota mai nagarta ba ta faɗuwa ranar da takardarta ta ƙare.

Kusa da shi akwai mai kunya. An ba shi shayi, an tambayi lafiyar yara, an kira shi yallaɓai sau ba adadi, yanzu nauyin cewa a'a ya fi masa nauyin dala dubu. Kunyar marar kunya asara ce, domin jami'in ba zai tuna sunansa ba washegari.

Sai gajiyayye, wanda ya fi kowa yawa, kuma shi ne tsarin ofishin ya fi dacewa da shi. Ya shafe yini yana ja-in-ja a kan farashi, ya ci nasarar rage 'yan ɗaruruwa, yana jin kansa gwarzo, ga yunwa, ga makulli a kan tebur yana kallo. Ba a faɗa masa kuɗin takardar dunƙule. Ana cewa ɗan abu kaɗan ne zai hau kan biyan wata. Ya manta watannin sittin ne ko saba'in da biyu, kuma da zarar an cusa kuɗin cikin bashin motar to shi ma kuɗin ruwa zai hau kansa. Abin da ya ƙwato a waje da gumi ya mayar a ciki da biro. Ƙanensa shi ne mai canza mota duk bayan shekara uku don kada maƙwabci ya riga shi sabon yayi. Wannan ya sayi takardar shekara bakwai, bai san yawancin irinta daga ranar sayen motar ake fara ƙirga su ba, ukun farko kuma kamfani ne ke da nauyi. Ya rabu da motar daidai lokacin da takardar za ta fara aiki, kuma bai nemi a mayar masa da ragowar kuɗinsa ba, alhali takardu da yawa sun yarda da hakan.

Akwai kuma mai labarin ɗan'uwansa, wanda ba a cin sa gardama. Ɗan'uwan ya saya, giyar motarsa ta lalace, aka biya dubban daloli, shi ke nan magana ta ƙare. Labarin gaskiya ne, kuma dole ne a sami irinsa, in ba haka ba wa zai saya? Sai dai wanda aka biya wa shi ne ke ba da labari a wurin biki. Mutum goman da kuɗinsu ya biya gyaran ba su da abin faɗa, don ba wanda ke tara jama'a ya ce musu motata lafiyarta ƙalau, kuɗina kuma sun tafi.

Wanda ya fi ba da tausayi shi ne mai zaton takardar ta rufe komai. Yana shiga gareji da ƙafar dama, riƙe da ita kamar sammaci, sai a nuna masa ƙananan rubutun shafi na huɗu. Birki da taya da kulochi da duk abin da ke cinyewa da amfani ba sa ciki. Akwai kason da zai biya daga aljihunsa a kowane gyara. Wasu takardun sai an buga waya an sami izini kafin bakanike ya taɓa ƙusa. Sannan a tambaye shi rasit na canjin baƙin mai, shi kuwa rabonsa da ajiye rasit tun yana makaranta. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani soke garantinsa don kawai an yi sabis a wani gareji daban, amma ba ta hana a ƙi biyan wanda ya kasa nuna ya kula da motarsa ba. Idan kuma takardar ta wani kamfani ce can daban, akwai tambayar ko zai rayu har ranar da za a neme shi. US Fidelis na jihar Missouri, wanda tallansa ya cika talabijin, ya durƙushe a 2010, masu shi suka ƙare a kurkuku. A 2023 hukumar sadarwa ta FCC ta yanke tarar kusan dala miliyan 300 a kan wasu masu tallan garantin mota da suka buga waya sama da sau biliyan 5 cikin wata uku na 2021, har ga mutanen da ko keke ba su da shi.

Za a ce ai kwanciyar hankali ma abin saye ce. Haka ne, kuma ba a yi wa mutum dariya don ya biya kuɗi ya yi barci. Za a kuma ce motocin yanzu kwamfuta ce a kan taya, ladan bakaniken dillali a can ya wuce dala 100 a awa, ba kamar namu ba da ake sallama da ɗan abin da ya samu da godiya. Wannan ma gaskiya ce, ita ce kuma ta sa ba na yabon sarkin tawakkali, wanda ya ƙi takardar da ƙarfin murya, ya ce Allah zai kiyaye, sannan bai ajiye ko sisi ba. Ƙin sayen yana da ma'ana ne idan kuɗin sun koma asusun gyara. Wanda ya san gyaran giya guda zai hana shi biyan haya, ko ya zaɓi mota mai tsadar kayan gyara da tarihin ciwo, kuma yana da niyyar riƙe ta shekara takwas, wannan yana da dalili na gaske. Amma ko shi dalilinsa bai ce ya saya yau ba. Kamfanonin mota da yawa suna sayar da ƙarin nasu har zuwa gab da ƙarewar garantin farko, lokacin da mutum ya san halin motarsa, ya kuma san ko zai ci gaba da zama da ita.

Wanda ya gane haka shi ne mai gardama, mutumin da matarsa ke jin kunyar raka shi kasuwa. Yana neman a ba shi takardar ya tafi da ita gida. Yana tambayar wa zai biya, kamfanin motar ko wani daban, a wane gareji, me aka cire, nawa za a mayar idan ya fasa. Ya san farashin ba a kafe yake ba, dillali ne ya ɗora nasa a kai, don haka yana taya shi kamar ragon layya, ya kuma kira wasu dillalan kamfanin ya ji nasu. Idan aka ce masa yallaɓai wannan rangwamen na yau ne kawai, sai ya ce to madalla, ya ɗauki makullinsa, ya rubuta a kalanda cewa zai waiwayi maganar a wata na talatin da uku. Jami'in ba ya raka shi bakin ƙofa.