Madugai da Yawa a Mota Ɗaya: Rabe-raben Masu Shirin Tafiyar Yini daga Damagaram zuwa Agadas

Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 450, yanki ce ta babbar hanyar da aka tsara domin ta haɗa Aljiyas da Legas, ta ratso ta Tamanrasat da Arlit ta gangaro Kano, kuma wanda ya bi ta yakan ga gonakin gero suna raguwa sannu a hankali har su ƙare a ƙasar Damargu, daga nan sai ƙaya da rairayi da garken makiyaya. A zamanin ayari, lokacin da raƙumi mai kaya yake cin kilomita 30 zuwa 40 a yini, wannan tazara takan ci kusan mako biyu, amma al'amarin yana tafiya cikin tsari, domin akwai madugu, wato shugaban ayari wanda shi kaɗai yake yanke lokacin tashi da wurin zango, akwai kuma jagaba da ke gaba yana nuna hanya, sauran fatake kuwa nasu bi ne. Mota ta mayar da mako biyu yini ɗaya, sai dai ta zo da wata larura da magabata ba su sani ba, ita ce duk wanda ya sami kujera a cikinta yakan ɗauki kansa madugu. Saboda haka nazarin shirin wannan tafiya ya fi karkata ga halayen mutanen da ke taruwa a zaure daren jajibirin tashi, waɗanda za a iya kasa su kamar haka.

Na farko shi ne Malam Lissafi, wanda yakan zo taron da takarda da alƙalami, ya raba kilomita 450 da gudun kilomita 100 a awa, ya sanar da jama'a cewa tafiyar awa huɗu da rabi ce, in an tashi bayan asuba za a yi walaha a Agadas. Lissafinsa ba ya kuskure ta fuskar ilimin lissafi, illa dai an gina shi a kan wata hanya da babu ramuka a cikinta, babu wuraren da kwalta ta zaizaye ta bar gargada, babu shingen jandarma inda ake duba takardu, babu inda ake biyan kuɗin hanya, kuma babu raƙumin da zai tsaya a tsakiyar titi yana tuƙa ba tare da ya san ana jiransa ba. Haka nan bai sa salla a ciki ba, duk da cewa ko ƙasaru, wato rangwamen da aka yi wa matafiyi na mayar da raka'a huɗu biyu, tana bukatar a tsaya a yi alwala. Alamar da ake gane shi da ita a cikin mota ita ce duban agogo, domin daga Tanut zuwa gaba yakan riƙa sabunta hasashensa duk bayan rabin awa, kowane sabon hasashe kuma yana fitowa da irin tabbacin da na baya ya fito da shi.

Ta biyu ita ce Uwar Guzuri, wadda ta yi imani da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ta kuma faɗaɗa ma'anar wannan magana har ta shafi duk abin da ke cikin madafinta. Tun kwana uku kafin tashi take soya dambun nama, ta aika a sayo kilishi da dabino da cuku, wato busasshen cukwin madara da makiyayan arewa suke yi, ta dama fura a gora biyu, ta cika kula da shinkafa, ta haɗa zoɓo a jarka, har wanda ya leƙa bayan motar zai zaci ayarin gishiri ne zai tafi Bilma. Idan aka yi mata maganar nauyi, amsarta ɗaya ce: "Alhaji, kai dai ka bari, hanya ba ta da tabbas." Abin da bincike ya nuna game da ita shi ne, a cikin dukkan ruwaye masu launi da zaƙi da ta tanada, ba a cika samun ruwa tsagwaronsa da za a iya zuba wa lagireto ba, kuma furar da aka toshe bakinta da kyau tun asuba takan yi tsami ta kumbura da zafin rana, ta tunkuɗe murfinta a daidai lokacin da mota ta faɗa rami, ta yi wa babbar rigar wanda ke kusa ado.

Na uku shi ne Ɗan Tawakkali, wanda yake ganin duk wani tanadi a matsayin raunin imani, kuma da yawunsa ne ake sauke safayar taya a bar ta a gida domin kular Uwar Guzuri ta sami wuri. Malamai sun daɗe suna karantar da cewa ana ɗaure raƙumi tukuna sannan a dogara ga Allah, amma shi rabin ƙarshe na darasin kaɗai ya halarta. Idan aka ce a cika tanki a kuma riƙe jarkar fetur, sai ya kawo hujja da cewa matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, tana nan a gefen wannan hanya tsakanin Damagaram da Tanut, don haka ba zai yiwu mai ya yanke wa mutum a gaban gidan mai ba, ya manta cewa matata ba ta sayar wa mai wucewa lita biyar, kuma bayan an wuce Tanut garuruwa suna nisa da juna ƙwarai. Shi ne kuma mutum na farko da yake neman ruwan wani idan rana ta take.

Na huɗu shi ne Tsohon Hannu, wanda ya bi hanyar sau ɗaya shekaru masu yawa da suka wuce, a bayan babbar mota, kuma tun daga ranar ya zama abin komawa a unguwarsu kan duk abin da ya shafi hamada. Ya san wata bishiya da ake karya kwana a gindinta, da wata mai abinci a Adarbisinat wadda tuwonta ba shi da na biyu, da wata 'yar gajeriyar hanya da take rage awa guda. Amma bishiyar ta daɗe da zama gawayi, mai abincin jikokinta ne suke aurar da 'ya'ya, gajeriyar hanyar kuwa rairayi ya binne ta. Haɗarinsa yana cikin cewa wani lokaci yakan yi daidai, kamar idan ya yi gargaɗi a kan kori, wato kwarin da yake bushe ƙamas yawancin shekara amma ya cika da ruwa mai ƙarfi cikin ɗan lokaci idan an yi ruwan sama a watan Agusta, kuma wannan daidai guda ɗaya ita take saya masa izinin yin kuskure goma.

Abokin hamayyarsa na din-din-din shi ne Mai Waya, matashin da ya sauke hankalinsa gaba ɗaya a cikin taswirar Google, wanda yakan katse dattijo da cewa, "Baba, ai ga shi nan ta nuna." Ya tanadi abin cajin waya iri uku bai tanadi hula ba, kuma burinsa a tafiyar shi ne ya ɗauki hoto a gaban hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka gina da laka, tsayinta mita 27, a tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ikonsa yana ƙarewa ne a inda sabis ya ɗauke, daga nan sai a gan shi ya miƙa hannu ta taga yana ɗaga wayar sama, daga bisani kuma ya nuna wani tafki mai sheƙi a can gaba ya ce a tsaya a wanke fuska, alhali kawalwalniya ce, wato hoton ruwa na ƙarya da iska mai zafi take haifarwa a saman ƙasa idan ta karkatar da hasken rana.

Na shida shi ne Mai Baƙin Labari, wanda ba ya hana tafiya kuma ba ya fasa zuwa, aikinsa kawai ya tabbatar babu wanda ya ji daɗinta. Yana da tarihin kowace mota da ta taɓa ƙonewa, da kowane matafiyi da ƙishirwa ta kashe, da kowane ɗan fashi da aka taɓa ji, kuma yakan jera su ne a daidai lokacin da ake cin abinci. Idan wani ya yi ƙoƙarin kwantar da hankali da cewa a fili irin wannan babu abin da mota za ta buga, sai ya kawo labarin Bishiyar Tenere, itaciyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai a hamadar da ke gabas da Agadas, babu wata a kusa da ita tsawon tazara mai nisa ƙwarai, wadda duk da haka wani direban babbar mota ya same ta ya kayar a 1973, har aka kwashi gangar jikinta aka kai gidan tarihi na Yamai. Wannan labari gaskiya ne, abin da ya sa ba a iya rufe masa baki ke nan.

Na bakwai shi ne Sarkin Shayi, kuma a kansa ne masana suka fi yin saɓani, domin wasu suna lissafa shi cikin masifun hanya wasu kuma cikin ni'imominta. Kayan aikinsa ba su da yawa: 'yar buta mai shuɗin fenti, da murhun waya, da ƙullin gawayi, da ƙananan kofunan gilashi, da ganyen shayi da sukari. Da zarar mota ta tsaya, ko da don a duba taya ne, sai a ga ya tsuguna a inuwarta yana fifita wuta da gefen rawaninsa, yana ɗaga butar sama yana tsiyayo shayin cikin kofi, ya mayar, ya sake tsiyayowa, har kumfa ta hau yadda yake so. Bisa al'adar Abzinawa da ya riƙe, shayi zagaye uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne, don haka tsayuwar da aka yi niyyar ta minti biyar ba ta kasa awa guda. Malam Lissafi ya fi kowa ƙin jininsa, kuma shi ne yake fara miƙa kofi.

Akwai wasu nau'o'i biyu da suke yin tasirinsu tun mota ba ta motsa ba. Makararre shi ne wanda ya fi kowa nacewa a kan sammako a daren taro, sannan a same shi da hantsi yana neman takalminsa, bayan an yi ta buga masa ƙofa. Mai Saƙo kuwa ba ya cikin matafiya sam, sai dai ya bayyana a bakin mota da "ɗan abin da ba shi da nauyi" da za a miƙa wa ƙanwarsa a Agadas, wanda idan aka duba sai a tarar buhun gero ne da rago mai rai, ba tare da lambar waya ko sunan unguwa ba.

A ƙarshen jerin akwai direba, wanda ba a cika jin muryarsa a zaure ba saboda lokacin da ake muhawara yana wurin mai faci. Shi ne yake mayar da safayar taya a ɓoye bayan kowa ya kwanta, ya duba jak da fanbel da ruwan lagireto, ya cusa jarkar ruwa biyu a ƙarƙashin kujera, ya haɗa takardun mota wuri guda. Ya san cewa zafin kwalta a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da awon zafi yake haura digiri 40, yana ƙara wa iskar taya ƙarfi har tsohuwar taya ta fashe; ya san ba a buɗe murfin lagireto yana tafasa; ya san ana rage iskar taya idan za a ratsa rairayi domin ta baje ta daina nutsewa; ya kuma san cewa idan mota ta lalace a dajin da babu kowa, zama kusa da ita ya fi bazama da ƙafa, tun da ta fi mutum saurin ganuwa kuma tana ba da inuwa. Ba ya son tafiyar dare, saboda dabbobi da ramuka da abin da ba a fata, kuma wannan ne dalilin da ya sa yake ɗaure fuska tun daga zagaye na biyu na shayi.

Irin wannan tawaga takan wuce tudun Tigidit da duhu, ta shiga Agadas bayan lisha, kuma abin lura shi ne sakamako guda ɗaya yana gaskata kowa a wurin kansa. Malam Lissafi yakan ce lissafinsa daidai ne, mutane ne suka ɓata shi. Uwar Guzuri takan tambaya da me za a ci in da ba ta yi tanadi ba. Ɗan Tawakkali yakan nuna cewa ga shi an iso lafiya kamar yadda ya faɗa, bai san da tayar da aka mayar aka canza a hanya ba domin yana barci. Tsohon Hannu yakan ɗora laifin a kan ƙin bin gajeriyar hanyarsa. Mai Baƙin Labari kuwa yakan tunatar da cewa saura komawa. Tun da babu wanda hanyar ta ƙaryata a idonsa, babu wanda yake da dalilin sauya hali, shi ya sa ake samun waɗannan nau'o'i cif-cif a kowace tafiya, kuma shi ya sa direbobin da suka daɗe a wannan hanya, idan aka tambaye su awa nawa ce zuwa Agadas, sukan fara tambayar su wane ne za su shiga motar.