Ƙwadagon da Lebura Ke Biyan Mai Gona

Da zarar watan Yuni ya kama a Ingila, rana kuma ta ɗan yi karambanin leƙowa, sai wani zumuɗi ya taso wa iyaye masu ƙananan yara. Ranar Asabar tun da safe a cika bayan mota da keken jariri, da kwandon abinci, da hulunan rana, da kayan canji kala biyu-biyu, a ɗauki hanyar bayan gari. Ina za a? Gona. Me za a yi a can? Aiki. To nawa ne ladan? Ai su za su biya.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Manomi ya shuka sitiroberi, ya yi masa ban-ruwa, ya yi fama da tsuntsaye har ya nuna. Maimakon ya nemo 'yan ƙwadago, sai ya kafa allo a bakin titi yana gayyatar mutanen birni su zo su tsinka da hannunsu. A miƙa wa kowa ɗan kwando, ya bi kunya ya duƙa, ya cika, ya kai a ɗora a sikeli, ya biya kuɗin nauyin abin da ya tsinko. Manomi ya huta da kuɗin lebura, ya huta da kuɗin motar kai kaya kasuwa, ya huta da dillali. Leburorin kuma suna fita suna yi masa godiya, har suna alkawarin dawowa baɗi da maƙwabtansu.

A Ingila an fi jingina wannan dabara ga Ted Moult, wani manomin Derbyshire da ya yi suna a rediyo da talabijin, wanda ya buɗe wa jama'a gonar sitiroberinsa a 1961. A wancan zamani abin yana da lissafi. Matan gida sukan je su ɗebo kilo da yawa da araha, su dafa da sukari, su dura a kwalabe, a yi ta shafa wa burodi har hunturu ya wuce. Yau lissafin ya juya. Gonaki da dama suna karɓar kuɗin shiga, kuma tun annobar korona ta 2020 ya zama ruwan dare sai an kama gurbi ta intanet, an zaɓi rana da sa'a, kafin a ba mutum izinin zuwa ya yi gumi. Ga kuɗin mai, ga askirim, ga kuɗin hawa tirelar da tarakta ke ja a zaga da yara. In aka tattara aka raba, kowace ƙwayar sitiroberi ta zama kayan gabas, alhali kantin da ke bakin layinsu yana sayar da shi da araha cikin roba.

Amma ba don arha aka zo ba. An zo ne, in ji iyayen, don yara su san daga ina abinci yake fitowa.

Yaran kuwa da nasu shirin. Minti biyar na farko komai lafiya: 'yar shekara uku ta riƙe kwandonta da hannu biyu, tana tafe tana tsalle, uwa na biye da waya a ɗage. An yi mata bayani tun a mota cewa ja kaɗai ake tsinka. Ta ce ta ji. Sai ta durƙusa gaban shuka ta farko ta tsinko fari, ta tsinko kore, ta tsinko fure, ta haɗa da ganye, ta kawo wa babanta tana jiran yabo. Shi kuma dole ya yaba, don allon da ke bakin ƙofa ya riga ya faɗa cewa abin da ka tsinka naka ne, sai ka biya. Ga shi sitiroberi ba mangwaro ba ne, ba kuma ayaba ba, da za a ajiye a lungu ya ƙarasa nuna. In aka tsinke shi ɗanye, haka zai zauna da tsaminsa har ya ruɓe.

Yayanta ɗan shekara biyar ya fi ta wayo. Shi ya gane ja ne mai daɗi, ya kuma gane cewa tsakanin shuka da bakinsa ya fi kusa da tsakanin shuka da kwando. Bayan rabin sa'a kwandonsa na ɗauke da ƙwaya huɗu, biyu a ciki an gatsa. Farar rigar da aka zaɓa musamman saboda hoto ta rine tun daga wuya har cibiya, bakinsa da kumatunsa kamar wanda ya taya mahauta aiki ranar Babbar Salla. A tambaye shi ko ya ci, ya girgiza kai da kumatu a cike.

Wasu gonakin sun tausaya wa bayan manya, sun ɗaga shukar a kan dogayen tebura daidai ƙugu don a tsinka a tsaye. Madalla. Sai dai yanzu yaro ba ya kai wa, don haka uban da aka ce an hutar da bayansa shi ne zai yi ta ɗaga kilo 15 na ɗan mutum daga wannan shuka zuwa waccan. Ana cikin haka keken jariri ya kafe a taɓo, don ruwan Ingila ba ya duba kalanda. Ƙarama ta taɓa wata ciyawa mai ƙaiƙayi ta ɓarke da kuka. Rina ta sansano zaƙi ta fara shawagi a kan askirim. Kuma sai an kai ƙarshen gona, wuri mafi nisa daga ƙofa, sannan babban zai ja rigar uwarsa ya ce fitsari yake ji, yanzu-yanzu.

Maganar ci a gona tsohuwar rigima ce. Kusan kowace gona ta rubuta cewa a biya kafin a ci, kusan kowane baƙo kuma ya fassara wannan da cewa ɗanɗano ba ci ba ne. Manoman suna da wata tsohuwar zolaya, wai da ma a riƙa auna yara a sikeli lokacin shiga da lokacin fita, a caji iyaye bambancin. Kowa ya yi dariya, amma ba kowane manomi ne ya ga abin dariya ba. A 2008 wata gona kusa da Cambridge ta daina barin jama'a su tsinki sitiroberi gaba ɗaya, saboda asarar dubban fama-famai da take yi a cikin mutane. Abin da ya fi ƙona wa mai gonar rai shi ne ganin iyalin da suka zo da kwanon kirim daga gida, suna tsinka suna tsomawa suna kai wa baki. Wannan kam ba a ɗora wa yara ba. Ɗan shekara uku ba ya shirya kwanon kirim tun daga gida.

Mutanen Japan sun yi wa matsalar yankan ƙauna. A gonakinsu na cikin rumfunan leda, irin na lardin Tochigi da ya yi fice wajen noman sitiroberi, ana biyan kuɗin shiga ne a ba mutum kimanin minti 30 ya ci iya cikinsa, sau da yawa har da ɗan kofin madara mai kauri na tsomawa. Ba a fita da ko ƙwaya ɗaya sai an saya daban. Abin da ake kira sata a Cambridge shi ne hajar da ake sayarwa a can, kuma ba wanda ke ɓoye kumatu.

Wurin da abin ya fi ban dariya shi ne inda aka ce a zo a yi wannan aikin a karɓi kuɗi. A 2020, da korona ta rufe iyakoki, dubun-dubatar ma'aikatan da ke zuwa kowace kaka daga Romaniya da Bulgeriya suka kasa isowa. Gwamnati ta ƙaddamar da gangamin Pick for Britain, har Yarima Charles, wanda yanzu shi ne Sarki, ya fito yana roƙon 'yan ƙasa su shiga gonaki kada amfani ya ruɓe. Mutane da yawa sun nuna sha'awa, kaɗan suka jure, har sai da manoma suka yi shatar jirage suka kwaso ma'aikata daga Romaniya ana tsakiyar kulle. Shekara na zagayowa aka naɗe gangamin aka ajiye. A 2023 bizar aikin kaka 45,000 aka ware wa gonakin kayan lambu da 'ya'yan itace, masu zuwa kuma da yawansu daga Kirgistan da Uzbekistan da Tajikistan suke. Su ne ke shiga rumfunan leda tun asuba, ana ƙirga musu tire, don kantuna su cika, don kuma 'yan kallon tanis na Wimbledon su samu sitiroberin Kent da aka tsinko da safiyar ranar. Wato dai in an ce mutum ya zo a biya shi, aikin wahala ne. In an ce ya zo ya biya, sai an yi layi.

Cikin masu layin nan har da namu, likitoci da malaman jinya da ɗaliban da suka zauna a Manchester ko Birmingham. Akwai magidancin da ya yi karatu tuƙuru tun yana yaro don kawai ya tsere wa roron wake da cirar gyaɗa, wanda in an tashe shi zuwa gona sai ciwon ciki ya kama shi. Yau ga shi duƙe a gonar Bature, ya biya da katinsa, yana cewa, “Maman yara, ɗauke mu ta nan, hasken ya fi kyau.” Don a cika ladan sai a kira Hajiya a gida ta bidiyo.

“Hajiya, ina wuni? Ga jikokinki, mun zo gona.”

“Gona kuma? Gonar wa?”

“Ta wani Bature ce.”

“Subhanallahi. Aikin asibitin ne ya ƙare?”

“A'a Hajiya, shaƙatawa muka zo. Mu ne ma muka biya.”

A nan layin yakan yi shiru, ba don matsalar sabis ba. Daga baya ta ce Allah ya kyauta, ta kuma tuna masa cewa gonar mahaifinsa tana nan ba ta tashi ba, kuma shiga kyauta ne.

A wurin sikeli ake sanin gaskiya. Kwandon da aka cika da murna ya zama kilo huɗu, mai karɓar kuɗi ta faɗi adadi, maigida ya sake tambaya ko da yaran aka haɗa. A mota kowa ya yi barci sai direba. A gida kuma sitiroberin da ya sha rana ya sha matsa, wanda ko a firji kwana biyu zuwa uku yake yi kafin ya fara furfura, yana jiran mai ci. Yaran da aka yi tafiyar dominsu sun ƙoshi tun a gona, ko kallonsa ba sa son yi. Uwargida ta sha alwashin dafa shi da sukari irin na matan da, ta sayo kwalabe, kwalaben suka samu wurin zama a saman kabad. Hotuna dai sun fita lafiya, an watsa a WhatsApp da Instagram, dangi sun yi ta masha Allah, ba wanda ya ga taɓon da aka yanke daga ƙasan hoton.

Kafin a gama wanke jan da ke jikin riguna, gonar ta turo saƙo cewa an buɗe kama gurbin tsinkar kabewa na watan Oktoba. A wannan karon ma aikin ya ragu, don galibi an riga an yanke kabewar an jera ta a fili, abin da ya rage a tura baro cikin sanyi a ɗauko wadda ta fi kyau a hoto. Yawancin masu saye ba miya za su yi ba. Za su ƙwaƙule cikin su zubar, su huda mata idanu da baki, su kunna kyandir a ciki a ajiye a ƙofar gida daren 31 ga wata, bayan kwana kaɗan a jefa a shara. Maigida ya riga ya biya na mutum huɗu. Ya dai roƙi maman yara, don girman Allah, kada a kira Hajiya ranar.